Murya a Zaure, Kuɗi a Hannun Wasu: Ƙasashe Masu Tasowa da Tattaunawar Sauyin Yanayi

Da tsakar daren Lahadi 24 ga Nuwamban 2024, a birnin Baku na ƙasar Azarbaijan, shugaban taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya karo na 29 ya buga gudumarsa ya ce an amince. Matsayar ita ce nan da 2035 za a riƙa tara wa ƙasashe masu tasowa aƙalla dala biliyan 300 duk shekara, ƙasashe masu arziki su ja gaba wajen tarawar. Sai bayan guduma ta sauka aka ba wakiliyar Indiya damar magana. Ta ce ƙasarta ba ta yarda ba, kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma an tsara zartar da shi ne ba tare da an saurare su ba. Wakiliyar Najeriya ta kira adadin cin fuska. Bolibiya ma ta yi tir da shi. An ji ƙorafinsu, amma matsayar ta zauna daram. Abin da suka zo nema kuwa dala tiriliyan 1.3 ne a shekara, mafi yawansa kyauta ba rance ba.

Wanda ya ga wannan dare kaɗai zai ɗauka ƙasashe masu tasowa 'yan rakiya ne a tarurrukan nan. Tarihin shekara talatin na tattaunawar bai goyi bayan wannan zato ba. Kusan duk abin da ya shafi adalci a cikin yarjejeniyoyin yanayi, su ne suka cusa shi da kyar da jiɓin goshi: iyakar ɗumamar duniya ta digiri 1.5 sama da zafin kafin zamanin masana'antu, asusun asara da ɓarna, batun taimaka wa jama'a su jure sauyin da ya riga ya iso. Sai dai ƙarfin nasu yana da iyaka, kuma iyakar a fili take. Suna iya tilasta a rubuta magana, suna iya hana a rubuta wadda ba su so, suna iya sa a kafa hukuma ko asusu. Da zarar an zo kan wa zai zuba kuɗi a asusun, nawa zai zuba, yaushe kuma, sai hukunci ya koma hannun majalisun dokokin Washington da Berlin da Tokyo, inda babu kujerar Malawi ko ta Tubalu.

Asalin maganar yana birnin Rio de Janeiro, inda aka buɗe yarjejeniyar farko don sa hannu a 1992. Ƙasashe masu tasowa sun je da hujja mai sauƙin fahimta. Iskar kabon da ke ɗumama duniya ba ta ɓacewa a shekara ɗaya ko goma, taruwa take yi a sararin samaniya ta yi ɗaruruwan shekaru. Saboda haka zafin yau sakamakon kwal da man da aka ƙona ne tun farkon zamanin masana'antu. Amurka ita kaɗai ta fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk kabon da aka tara ta wannan hanya. Afirka baki ɗaya, mai mutane fiye da biliyan 1.4, ko a yau kasonta na shekara bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Daga nan aka fitar da ƙa'idar da ake ta ja-in-ja a kanta har gobe, cewa nauyin na kowa ne amma ba daidai ya hau kan kowa ba. Yarjejeniyar ta jera ƙasashe masu masana'antu da za su fara rage hayaƙi, ta kuma ware wasu daga cikinsu, wato Amurka da yammacin Turai da Japan da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan, ta ɗora musu ba da kuɗi da fasaha.

Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta ɗora a kan wannan, ta wajabta rage hayaƙi a kan masu masana'antu kaɗai. A takarda babbar nasara ce ga ƙasashe masu tasowa. Amma tun kafin a je Kyoto majalisar dattawan Amurka ta riga ta yanke, da ƙuri'a 95 babu ko ɗaya da ta saɓa, cewa ba za ta karɓi yarjejeniyar da ta ƙyale ƙasashe masu tasowa ba, kuma ba ta karɓa ɗin ba. Kanada ta shiga, da ta ga ba za ta cika alkawari ba ta sanar da ficewarta a 2011, babu abin da ya same ta. Tun a nan aka gane cewa doka mai ƙarfi a takarda tana iya korar wanda aka yi ta dominsa. Shi ya sa yarjejeniyar Paris ta 2015 ta zo da wani salo, kowace ƙasa ita ke yanke wa kanta abin da za ta yi. An sami shigar kowa, an rasa tilastawa.

To daga ina ƙarfin ƙananan ƙasashe yake fitowa? Daga wani giɓi ne a dokokin zaman taron. Tun taron farko a Berlin a 1995 ba a taɓa amincewa da dokar jefa ƙuri'a ba, domin ƙasashe masu arzikin mai, Saudiyya a kan gaba, sun ƙi tsarin rinjaye. Don haka komai sai da yardar kowa, ko kuma a ce babu wanda ya tashi ya ƙi. A Kopenhagen a 2009 shugabannin manyan ƙasashe sun kulle kansu a ɗaki sun fito da takarda, da aka kawo ta babban zaure sai Sudan da Tubalu da Bolibiya da Benezuwela da Kuba da Nikaraguwa suka ce ba da su ba. Taron bai iya zartar da ita ba, ya ce dai ya san da zamanta. Wannan ƙarfi ne na gaske, amma yana da rauni biyu. Na farko, shugaban taro ne ke fassara ma'anar yardar kowa. A Kankun, shekara ɗaya bayan Kopenhagen, Bolibiya ta tsaya ita kaɗai ta ƙi, shugabar taron ta buga guduma ta wuce. Na biyu ya fi ciwo: wanda ya fi buƙatar a cimma matsaya shi ne ya fi tsoron rushe taro. A Baku ƙasashen tsibirai da ƙasashe mafiya talauci sun fice daga ɗakin tattaunawa, sannan suka dawo, saboda sun san Donald Trump ya riga ya ci zaɓe, kuma in aka ɗage maganar zuwa baɗi abin da za a samu ba zai kai wannan ba.

Ɗaya tushen ƙarfin shi ne yawa. Ƙungiyar G77 ta ƙasashe masu tasowa, wadda aka kafa a 1964 kan harkar ciniki, yanzu tana da ƙasashe 134, kuma tana magana tare da Sin. A ƙarƙashinta akwai rukunin Afirka mai ƙasashe 54, da ƙawancen ƙananan tsibirai mai 39, da rukunin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba, da na Larabawa, da wasu. Ranar da duk waɗannan suka tsaya kan magana ɗaya, babu mai iya ture ta cikin sauƙi.

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar batun asara da ɓarna, kuma labarinsa ya cancanci a bi shi daki-daki. Akwai ɓarnar da rage hayaƙi ba zai hana ta ba, shiri ma ba zai tare ta ba: tsibirin da teku ya cinye, gonar da gishiri ya kashe, garin da guguwa ta share. Tun a 1991 Banuwatu, a madadin ƙananan tsibirai, ta nemi a kafa wani asusun inshora da masu masana'antu za su riƙa zuba wa kuɗi saboda hauhawar teku. Aka yi watsi da shi. Ƙasashe masu arziki suna tsoron duk wata kalma da za ta yi kama da amsa laifi, domin amsa laifi ƙofar diyya ce, diyyar kuma babu wanda ya san iyakarta. A 2013, ana gab da buɗe taron Warsaw, guguwar Haiyan ta afka wa Filifin ta kashe mutane fiye da 6,000. Jagoran tawagar ƙasar, Yeb Saño, ya daina cin abinci har ƙarshen taron. Aka kafa wani tsari na nazarin batun, babu kuɗi a ciki. A Paris batun ya sami sashe nasa na kansa, sashe na 8, amma Amurka ta dage aka rubuta a takardar da ke rakiyar yarjejeniyar cewa sashen ba zai zama hujjar ɗora laifi ko neman diyya ba. A Glasgow a 2021 G77 ta nemi asusu, aka ba ta zaman tattaunawa na shekara uku.

Sai 2022 ta zo da abubuwa biyu a lokaci ɗaya. Ambaliya ta mamaye Pakistan, ta shafi mutane miliyan 33, ta kashe fiye da 1,700, ta yi ɓarna da asarar da aka ƙiyasta sun haura dala biliyan 30. Kuma a wannan shekarar Pakistan ce ke shugabancin G77. A Sharm el-Sheikh na Masar ƙungiyar ta ƙi rabuwa duk da ƙoƙarin da aka yi na ware mafiya rauni daga sauran, har Tarayyar Turai ta sauko, Amurka ta bi. Shekara 31 bayan buƙatar Banuwatu aka amince da asusu. A Dubai a 2023 aka ƙaddamar da shi tun ranar farko, aka yi alkawuran da suka kai kimanin dala miliyan 700. Miliyan, ba biliyan ba. Amurka ta yi alkawarin miliyan 17.5, daga baya a 2025 ta janye daga hukumar gudanar da asusun. A ɗora wannan a ma'auni da biliyan 30 na ambaliya ɗaya a ƙasa ɗaya. Ina ganin kafa asusun babban abu ne, domin ya tabbatar da ƙa'idar da aka yi shekara talatin ana musunta ta. Amma ba da kuɗin na ganin dama ne, babu wanda aka yanka wa kaso, kuma an ajiye asusun na wucin gadi a Bankin Duniya, wurin da ƙasashe masu tasowa suka so kauce wa tun farko.

Iyakar digiri 1.5 ma haka ta samu. Manyan ƙasashe sun daɗe da tsayawa kan digiri 2. Tsibirai suka ce digiri 2 nutsewarsu ce. Shugaban Maldibs na lokacin, Mohamed Nasheed, ya yi zaman majalisar ministocinsa a ƙarƙashin teku a 2009 don duniya ta gani. A Paris ministan harkokin wajen Tsibiran Marshal, Tony de Brum, ya haɗa ƙawancen da ya jawo Turai da Amurka da ƙasashen Afirka da na Karibiyan, har 1.5 ta shiga yarjejeniya. Daga nan aka nemi kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi rahoto a kai, rahoton 2018 kuwa shi ya mayar da wannan lamba ma'aunin da ake auna gwamnatoci da kamfanoni da shi. Ƙasar da mutanenta ba su kai cikin babban filin ƙwallo ba ta sauya harshen duniya. Amma 2024 ta zama shekara ta farko da zafin duniya ya haura 1.5 ɗin.

Yanzu ga maganar kuɗi, wadda ita ce uwar dukkan rigingimun. A Kopenhagen aka yi alkawarin dala biliyan 100 a shekara nan da 2020. Ƙungiyar OECD, wadda ta masu ba da kuɗin ce, ta ce a 2020 biliyan 83.3 aka tara, ba a cika alkawarin ba sai 2022 da aka kai biliyan 115.9. Jinkirin shekara biyu ba shi ne babban abin damuwa ba. Abin damuwar shi ne me ake ƙirgawa. Kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da gwamnatoci da bankunan raya ƙasa suka bayar rance ne, wani ma da kuɗin ruwa irin na kasuwa. Ƙungiyar Oxfam ta cire abin da za a biya a mayar, ta cire ayyukan da aka laƙa musu sunan yanayi alhali ba su da alaƙa sosai, ta ce ainihin tallafin 2022 bai wuce dala biliyan 28 zuwa 35 ba. Yadda wakilan ƙasashe matalauta ke kallon abin shi ne, maƙwabcin da wutar gidansa ta tsallako ta cinye naka ya ranta maka kuɗin gyara da ruwa, sannan ya rubuta a littafinsa cewa ya taimake ka. Wannan kuwa yana faruwa ne a lokacin da hukumar ciniki da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce, a rahotonta na 2024, mutane biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da kuɗin ruwan bashi ya fi abin da suke kashewa kan lafiya ko ilimi.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne har yau babu ma'anar da aka yarda da ita ta abin da ake kira kuɗin yanayi. Kowace ƙasa mai bayarwa da irin ƙirgarta. Ƙasashe masu tasowa sun sha neman a tsayar da ma'ana ɗaya, masu bayarwa suna zillewa. A nan ne, a ganina, aka fi cutar su, fiye da a kan girman adadin.

Adadin tiriliyan 1.3 ma ba daga sama aka tsinto shi ba. Wani kwamitin masana tattalin arziki ƙarƙashin Vera Songwe da Nicholas Stern da Amar Bhattacharya ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa, ban da Sin, suna buƙatar kashe kimanin dala tiriliyan 2.4 a shekara nan da 2030, kusan tiriliyan ɗaya daga waje. Takardar Baku ta ambaci tiriliyan 1.3 ɗin, amma a matsayin kira ga kowa da kowa, har da 'yan kasuwa, babu wanda aka ɗora wa.

'Yan kasuwa kuwa akwai inda suke zuwa, akwai inda ba su zuwa. Tashar wutar hasken rana tana sayar da lantarki ta mayar da jari, ko da yake ko a nan kuɗin ruwan da ake caji a ƙasa mai tasowa yakan ninka na Turai sau biyu ko uku. Hukumar makamashi ta duniya ta nuna a 2022 cewa Afirka na da kashi 60 cikin 100 na wuraren da suka fi dacewa da wutar rana a duniya, amma kashi 1 kacal na faifan da aka kafa. Shingen da ke tare teku kuwa, ko magudanar ruwa, ko na'urar gargaɗin guguwa, ko irin shuka mai jure fari, ba su kawo ribar da mai jari zai ɗauka. Wannan shi ne ɓangaren jure wa sauyi, shi ne kuma abin da ƙasashe matalauta suka fi damuwa da shi, tun da hayaƙin da za su rage ba shi da yawa. A 2023 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa buƙatar tsakanin dala biliyan 215 da 387 a shekara, abin da ya shigo daga waje a 2022 kuma kimanin biliyan 28 ne. A Glasgow an yi alkawarin ninka shi biyu. A Belem na Birazil a 2025 an yi kiran ninka shi uku, amma nan da 2035, ba 2030 da mafiya talauci suka nema ba.

Duk wannan kan kuɗi ne, kuma a kan kuɗi bakin G77 ɗaya ne. Da an taɓo kwal da mai da gas sai gidan ya rabu, kuma bai kamata masu goyon bayan ƙasashe masu tasowa su riƙa rufe ido a kan haka ba. A cikin ƙungiya ɗaya akwai Tubalu da teku ke ci, akwai Saudiyya da kasafinta ya dogara da mai. A Glasgow, a mintocin ƙarshe, Indiya da Sin ne suka sa aka sassauta maganar daina amfani da kwal ta koma ragewa. A Dubai an rubuta a karon farko cewa duniya za ta juya baya ga makamashin da ake haƙowa daga ƙasa, amma an buga guduma wakilan tsibirai ba su cikin zaure, sai bayan sun shigo wakiliyar Samowa, Anne Rasmussen, ta tashi ta ce takardar cike take da ƙofofin zillewa. A Belem ƙasashe fiye da 80, da yawansu masu tasowa kamar Kolombiya da Kenya da tsibiran Fasifik, sun nemi a tsara taswirar rabuwa da wannan makamashi, ƙasashe masu mai da wasu manyan masu tasowa suka ƙi, takardar ƙarshe ta fito ba ta ko ambaci sunansa ba.

Sai dai a nan dole a rarrabe. Hujjar neman sararin ci gaba hujja ce ta gaskiya. Kimanin mutane miliyan 600 a Afirka ba su da lantarki. Ba'indiye ɗaya yana fitar da kusan tan 2 na kabon a shekara, Ba'amurke kusan 14. Kuma ƙasashen Afirka masu gas, irin su Senegal da Mozambik da Najeriya, sun ga abin da ya faru: a Glasgow ƙasashen yamma sun yi alkawarin daina ba da kuɗin gwamnati ga ayyukan mai da gas a ƙetare, bayan 'yan watanni Rasha ta mamaye Yukiren, sai ga shugabannin Turai suna zarya a Afirka suna neman gas. Wanda ya ga haka ba zai karɓi wa'azi cikin sauƙi ba. Amma buƙatar talakan da ba shi da wuta daban take da buƙatar ƙasa mai arziki da ke son ta sayar da gangar manta ta ƙarshe. Idan ta biyun ta fake a bayan na farkon, wanda ke biyan farashi shi ne manomin da fari ya kashe wa shuka da masuncin da teku ya kora, su ma kuma 'yan ƙasashe masu tasowa ne.

Wannan ya kai mu ga tambayar da masu arziki ke yi kullum: su wane ne masu tasowa yanzu? Jerin sunayen na 1992 ne. A ƙarƙashinsa Katar da Singafo da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Koriya ta Kudu ba su cikin waɗanda aka wajabta wa biya. Sin, wadda ita ce ta biyu a tattalin arzikin duniya, tana fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na kabon ɗin shekara. Tambayar tana da tushe, sai dai wanda bai cika nasa alkawari ba ba shi ne ya fi dacewa ya yi ta ba, kuma sau da yawa ana ɗaga ta ne don a jinkirta biya. Sin ta ce tana bayarwa da son ranta, a Baku ta ambaci yuwan biliyan 177, kimanin dala biliyan 24, tun daga 2016, amma ba za ta yarda a mayar da shi wajibi ba. Ƙananan ƙasashe kuma suna manne da ita saboda lissafi: in babu Sin da Indiya a gefensu nauyinsu a teburi zai ragu ƙwarai, kuma suna tsoron in aka taɓa jerin 1992 wajibcin da ke kan yamma ne zai narke, ba sabon wajibi ne zai hau kan Sin ba.

Akwai kuma wani rauni da ba ya fitowa a labarai. A taron nan ana gudanar da zama da yawa a lokaci ɗaya, cikin Turanci, har asuba. Manyan ƙasashe suna zuwa da lauyoyi da masana ɗari-ɗari suna karɓa-karɓa. Wata ƙasar kuwa mutum biyu ko uku ne aka ɗauki nauyin zuwansu, wanda ya kwana kan batun kuɗi shi ne zai wayi gari kan kasuwar kabon. Wasu gwamnatocin kuma suna zuwa da ayari mai yawa wanda ƙwararrun masu tattaunawa a cikinsa ba su da yawa, wannan laifin gida ne ba na kowa ba.

Saboda duk wannan ne ƙasashe masu tasowa suka fara kai ƙara wasu wurare. Ɗaliban lauya a yankin Fasifik ne suka fara kiran a je Kotun Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya (ICJ), Banuwatu ta ɗauka, babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a Maris 2023. Ranar 23 ga Yulin 2025 alƙalan kotun gaba ɗaya suka ba da ra'ayi cewa kare yanayi wajibi ne a dokar ƙasa da ƙasa, kuma ƙasar da ta saɓa tana iya fuskantar biyan diyya. Ra'ayin shawara ne, ba ya kama kowa da ƙarfi, amma ya buɗe ƙofar da aka rufe a Paris. Firaministar Barbados, Mia Mottley, ta kai yaƙin Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, inda nauyin ƙuri'a ke bin yawan jari, ta nemi rance mai sauƙi da kuma dakatar da biyan bashi idan bala'i ya afka wa ƙasa, kuma Bankin Duniya ya karɓi wannan sharaɗi ga wasu ƙasashe. Indiya da Sin da Afirka ta Kudu da Birazil suna jawo maganar harajin kabon da Tarayyar Turai ta sa a kan iyakarta, wanda ya shafi ƙarfe da siminti da taki da alminiyom, ƙasa kamar Mozambik kuwa alminiyom ya kasance cikin manyan abubuwan da ta riƙa sayar wa Turai. A gefe guda kasuwa tana yin abin da taro bai yi ba: faifan wutar rana na Sin ya yi arha har Pakistan ta shigo da na kusan gigawat 17 a 2024 kaɗai, Habasha kuma ta hana shigo da motoci masu amfani da fetur da dizal.

Amurka ta sake ficewa daga yarjejeniyar Paris, ba ta tura tawaga Belem ba, ƙasashen Turai da dama suna rage kasafin taimakon ƙetare. A irin wannan yanayi, neman sabon asusu ko sabon babban adadi ba shi ne zai fi amfani ba, domin asusun da ake da su ma ba a cika su ba, kuma hukumar ƙasa matalauciya takan yi shekaru kafin a tantance ta ta iya karɓar kuɗi kai tsaye daga Asusun Yanayi da ke Koriya ta Kudu. A Belem an buɗe shirin aiki na shekara biyu kan kuɗin yanayi, ciki har da sashe na 9 na yarjejeniyar Paris da ya wajabta wa masu arziki bayarwa, taron 2027 kuma a Addis Ababa za a yi shi. Abin da nake ganin rukunin Afirka da tsibirai da mafiya talauci ya kamata su riƙe tsakanin yanzu da lokacin shi ne a rubuta ma'anar kuɗin yanayi, a daina ƙirga rancen kasuwa a matsayin taimako, a fayyace kaso nawa na biliyan 300 ɗin zai zama kyauta, nawa kuma zai tafi ga jure wa sauyi. A Baku tsibirai sun nemi a ware musu dala biliyan 39 a shekara, mafiya talauci sun nemi biliyan 220, ba a rubuta ko ɗaya ba, kuma cikin waɗanda ba su so a rubuta har da wasu manyan abokansu na G77. Wannan buƙata ce da za su iya dawo da ita teburi, amma sai sun fara warware ta a cikin ƙungiyarsu kafin su kai ta gaban Turai da Japan.